Ɓarin Fuskata na Dama

Ni wanzami ne, ubana ma wanzami ne. Ƙanensa da ya rene ni bayan rasuwarsa shi ne Sarkin Askan Madarumfa na lokacin, kuma a hannunsa na koyi aski da ƙaho da cire beli da kaciya. Kafin in cika shekara talatin na tsaga fatar mutanen da ban san iyakarsu ba, daga bakin tafkinmu har ƙauyukan Gabi. A ganina babu abin da ya rage mini ban sani ba game da fata da jini.

Abin da zan ba da labari ya faru ne a ƙarshen zamanin Faransawa, shekarun da kamiyo, manyan motocin kaya, ke ta jigilar gyaɗa daga Maraɗi zuwa Kano. Wani ƙullutu ya fito mini a ƙasan kunnen dama, bayan ƙashin muƙamuƙi. Da farko bai fi ƙwayar wake ba, ba zafi ba ciwo, na ɗauka kaluluwa ce za ta sace. Damina ta wuce bai sace ba. Da kaka ya kai ƙwan zabo, ya yi tauri, in na tauna abu sai in ji zogi ya harba cikin kunne. Na roƙi baffa ya yi mini sakiya, wato ya huda shi da ƙarfe mai zafi yadda muke yi wa kumburi mai ruwa. Ya zaunar da ni a tabarma, ya latsa, ya tura gaba ya tura baya, ya daɗe yana taɓawa.

Ya ce, "Ba ni sa ma wanga ƙarfe. Kumburin da ke son sakiya yana motsi ƙarƙashin yatsa. Wanga ya yi saiwa. Ka tafi wajen Nasara."

Ban taɓa jin baffa ya tura mutum wajen Nasara ba, don haka ban yi gardama ba. A asibitin Maraɗi aka duba ni aka ba ni takarda zuwa Damagaram, inda akwai lokotoro, wato likita, mai yanka. Na hau bayan kamiyo, na isa da ƙyar duk jikina ya yi tsami.

Lokotoron Bafaranshe ne, dogo, mai gashi a bayan hannu. Wani ma'aikacinsa Badamagare ne ke yi mana tafinta. Ya ce mini ciwon daji ne, in an bar shi zai yi ta ci har ya kai maƙogwaro. Za a cire, amma akwai wata jijiya da ta ratsa ta cikinsa, ita ce ke motsa fuska. Za su yi ƙoƙari su tsira da abin da za su iya, ba su yi alkawari ba. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne da aka ce za a sa ni barci. Mu muna yanka mutum yana ji yana gani, ƴan uwansa sun danne shi. Na ce da tafinta ya tambayi lokotoro ko zai bar ni a farke, a ba ni madubi in riƙe.

Tafinta ya yi dariya har ya riƙe ciki. Da ya faɗa wa lokotoro sana'ata, sai mutumin ya daina dariya, ya buɗe wani akwatin ƙarfe ya nuna mini wuƙaƙensa. Ƴan mitsi-mitsi ne. Na gwada ɗaya a gashin hannuna. Tana da kaifi, amma ba ta fi askar baffa ba. Abin da ya fi mu da shi wasu ƴan ƙarafa ne masu kama da almakashi, waɗanda yake cafke bakin jijiyar jini da su kafin ya ɗaure da zare. Na daɗe ina buɗe ɗaya ina rufewa. Madubi dai bai yarda ba. Washegari suka kifa mini wani abu kamar ludayi a hanci, suka ɗiga magani mai wari, aka ce in yi ƙirge. Na kai bakwai. Da na farka rana ta karkata, kaina naɗe da farin ƙyalle, ina ta amai. Aikin da ya fi kowanne girma a jikina an yi shi ba na nan, har yau wannan na ba ni haushi.

Na yi wata ɗaya da ƴan kwanaki kafin a sallame ni. Madubi ba a ba ni ba, ni ma ban nema ba, don na riga na gani a idon masu kawo mana abinci. Da na iso gida matata na tsakar gida tana sheƙa hatsi. Ta ɗago, ta dube ni, ta aje faifai a hankali. Na yi mata murmushi don in kwantar mata da hankali, ban san cewa murmushin ne ya fi komi muni ba. Sai ta rufe baki da hannu.

Ta ce, "Sannu da zuwa, maigida. Sannu. Ka sha ruwa tukun."

Ta kawo ruwa a ƙoƙo, na kafa baki, rabi ya shiga rabi ya zubo ta gefen dama ya jiƙa mini riga. Ta sake cikawa.

Da na huta na buɗe zabirata, jakar fatar da nake zuba kayan aiki, na ɗauko ɗan madubin da nake ba mutane bayan aski. Tabon ya fara daga gaban kunne, ya zagaya ƙasansa ya gangara wuya, ɗinki mai kyau, ba zan raina ba. Inda ƙullutun yake ya zama rami, ɗan yatsa biyu na shiga. Ɓarin fuskar dama kuwa ya saki gaba ɗaya kamar rigar da aka rataye a ƙusa. Girar ta sauko, kusurwar bakin ta langaɓe, layukan goshina sun tsaya cak a tsakiya, can dama sumul kamar na jariri. Na ɗaga gira, ta hagu ta tashi ta dama na kwance. Na kumbura kumatu, iska ta fice ta dama. Na rufe ido, na hagu ya rufu, na dama yana nan yana kallona. Tun azahar nake wannan har aka kira la'asar. Matata ta leƙo sau biyu, tana tsammanin kuka nake yi. Hawaye kam yana zuba daga idon dama, amma ba nawa ba ne, na idon ne shi kaɗai.

Idon nan shi ya fi wahalar da ni a watannin farko. Ba ya ƙiftawa, komi ya taso sai ya faɗa ciki. Lokacin sussuka ne, ƙaiƙayi ko'ina, ya yi ja kamar gauta. Na koyi rufe shi da yatsa, in ja fatar in sauke in sake, kamar mai rufe ƙofar da ba ta da marfi mai kyau. In zan kishingiɗa da rana matata kan jiƙa tsumma mai tsabta ta ɗaure mini, don ta ce ranar da ta shigo ta tarar ina minshari ido ɗaya buɗe sai da gabanta ya faɗi. Cin abinci ma sai da na sake koyo. Tuwo kan ɓuya tsakanin haƙori da kuncin dama, ban san yana nan ba sai na sa yatsa na zaƙulo. Na daina cin abinci a zaure tare da maza na wani lokaci. Fura kuwa sai in karkata kai hagu, in kafa ludayi a kusurwar baki. Wajen alwala in na kurkure baki ruwa kan yi tsartuwa ya sami na kusa da ni, har na koma alwala a gida kafin in fita masallaci.

Sai kuma mutuwar fatar. Wata rana baffa na yi mini aski, askar ta ɗan ci ƙasan kunnena, wurin nan da mata ke hudawa. Jini na ɗiga a kafaɗata ni ban sani ba, ina ta ba shi labarin kamiyo. Ya tsaya ya ce, "Kai, ba ka ji ba?" Na ce, "Mi?" Ya nuna mini jinin a yatsa. Daga ranar na ƙudura sai na san iyakar wurin da ya mutu. Kowace Juma'a da hantsi sai in zauna a inuwar ɗaki in rufe ido, na dama da yatsa, matata ta ciro tsinke daga tsintsiya ta riƙa tsikarina tun daga haɓa tana hawa. In na ji sai in ce "nan", in ban ji ba in yi shiru. Duk inda jin ya yanke sai ta ɗiga kwalli. In ta gama in duba madubi, ga ɗigo-ɗigo sun zagaye kunci da kunne da gefen wuya kamar shingen gona.

Da farko ta ɗauki abin wasan yara. Ta ce, "Maigida, ga daka na jirana." Amma Juma'a ta huɗu ita da kanta ta lura ɗigon gefen wuya ya matsa sama da faɗin yatsa ɗaya. Daga nan ta fi ni ɗoki. Takan yi mini zamba ma, ta ɗaga tsinken ba ta taɓa ni ba ta ce, "Ka ji?" don ta ga ko ina ƙara wa abin gishiri. Gonar ta yi ta tsukewa a hankali, ba ta kowane gefe daidai ba. Jin ba ya dawowa yadda ya tafi. Sai wurin ya fara da wani yam-yam kamar tururuwa na tafiya ƙarƙashin fata, sannan ya yi zafin da ko iska ta taɓa sai in zabura, sannan ya lafa ya zama fata. Wajen wata shida tururuwar ta iso kusurwar bakina, wata safiya na ga ta ɗan motsa, motsin da bai fi na gashin gira ba. Na kira matata ta zo ta gani, ta ƙura ido ta ce ita ba ta ga komi ba. Sai bayan mako biyu ta yarda.

Aski na koma yi tun da wuri, hannuna lafiya lau yake. Wasu mata dai sun daina kirana askin suna, ana cewa iska ce ta mare ni a hanyar Damagaram, kada jariri ya buɗe ido a kan irin fuskata. Baffa ya riƙa zuwa a madadina, ban yi fushi sosai ba. Ƙaho ne ya kayar mini da gaba. Wanda bai san aikin ba yana ganin hannu ke yi, alhali baki ne. Za ka kifa ƙahon a bayan mutum, ka kama tsininsa da leɓe ka zuƙe iskar ciki har fata ta taso, sannan ka tura ɗan guntun agara, jijiyar dabba da ka tauna ta yi laushi, da harshe ka toshe hudar. In leɓe bai rufu ruf ba, ba abin da zai kama. Ranar da na fara gwadawa a cinyata, ina zuƙa iska na shigowa ta kusurwar dama tana wani fiii, ƙahon ya faɗi ƙasa. Na gwada har sau goma. Na mayar da shi zabira, kwana uku ban yi wa kowa magana mai daɗi ba.

A rana ta huɗu na tsaya na yi tunani, ai ƙofa ɗaya ce iskar ke bi. Na kai tsinin can kusurwar hagu, na matse leɓunan dama da babban yatsa da manuni, na zuƙa. Ya kama, ya ɗan tsaya, ya saki, don harshena bai saba kai agara ta wannan gefe ba. Na yi ta yi kullum bayan na dawo daga kasuwa, har cinyoyina biyu suka cika da zoben baƙi.

Ina da wani amini, Ba'azne ne mai bin addinin kakanni, manomi a wani ƙauye na Gabi. Ya girme ni da kusan shekara goma. Kowace shekara kafin ruwan shuka yakan zo in yi masa ƙaho a baya, ya ce in ba a cire mataccen jini ba ba ya iya duƙawa da hauya. A shekarar ya zo kamar kullum, ya ɗaure jakinsa a ƙofar gida. Na ce masa ya je wajen baffa. Ya zauna ya dube ni sama da ƙasa, ba irin kallon nan na satar ido da mutane ke yi mini ba.

Ya ce, "Wanzam, abin da suka cire maka, ina suka kai shi?"

Na ce ban sani ba, na ga dai sun sa shi a kwalba.

Ya ce, "To ka ji. Naman mutum ba a barinsa a ƙasar wasu. Da ka taho da shi mun bizne a gindin gawo. Duba bakinka, gabas yake ja. Damagaram yake nema."

Ina zaune ne ina fuskantar kudu. Sai na juya na fuskanci arewa, na ce, "Yanzu fa? Yamai yake nema?"

Ya yi ta dariya har da tari. Sannan ya tuɓe riga ya ba ni baya ya ce, "Ni dai ba ni zuwa wajen tsoho, hannunshi nauyi gare shi. Yi abinka. In ya faɗi ka ɗauka."

Ƙaho na farko ya faɗi. Na biyu ma ya faɗi, ya gangara har gindin randa. Bai ko waiwayo ba, yana ta ba ni labarin wata akuyarsa mai cin taba. Na uku ya kama. Na ji fatar ta taso ƙarƙashinsa, na tura agara ta zauna, na saki hannu ƙahon na tsaye. Na kafa masa shida a jere a ranar. Da na cire na tsaga na mayar, jini ya taru baƙi ƙirin yadda ake so. Ya tashi yana miƙa, ya ce an fi daɗewa bana amma jan ya fi na bara ƙarfi. Ban san ko gaskiya ya faɗa ba. Har na bar sana'a ta gefen hagu nake zuƙar ƙaho, ko bayan leɓen ya yi ƙarfi.

Ina tsammanin na gama ganin abin mamaki, sai ga wani ya zo wajen shekara guda bayan aikin. Muna cin tuwo da miyar yakuwa da rana, matata ta dube ni ta zabura.

"Maigida, mikin ya buɗe! Ruwa na fita."

Na shafa. Kuncin dama ya jiƙe sharkaf, daga gaban kunne zuwa tsakiyar kunci, ruwa na gangarowa haɓa. Tabon kuwa a rufe yake, ba jini ba mugunya. Goshina a bushe, kuncin hagu a bushe, lokacin sanyi ne ma. Muka gama cin abinci ruwan ya tsaya. Da la'asar na ɓare goro, ya dawo.

Kwana biyu ina cikin fargaba, na ɗauka ciwon ne ya komo ta wata hanya. Da na ga ba zafi ba kumburi, sai fargabar ta koma son sani. Na lakato ruwan na ɗanɗana, da gishiri-gishiri, wato zufa ce ba miyau ba. Na shiga gwada abinci ɗaya bayan ɗaya. Ruwa zalla ba ya kawo shi. Fura kaɗan take kawowa, sai in nonon ya yi tsami. Gasasshen kifin tafki yana kawo shi sosai. Tsamiya ce uwar tafiya, ina sa ta a baki kuncin zai ɗau ɗumi, kafin in tofar da ƙwallon ruwa ya kai wuyan riga. Na gwada aikin ƙarfi, na yi faskare har jikina duka ya jiƙe, a nan kuncin bai fi sauran jiki ba. Wata rana kuma ina zaune ban ci komi ba, matata na yanka lemun tsami can bakin murhu, ina kallo kawai sai na ji ɗumin ya taso. Ashe ba sai abu ya shiga baki ba.

Wannan ne ya tona mini asiri da azumi. Muna zaune a zauren malamin unguwarmu bayan la'asar ana karatu, maƙwabciyarsa ta ɗora kaskon ƙosai, ƙamshi ya shigo. Ina zaune na natsu kamar kowa, sai ruwa ya fara ɗiga daga haɓata a kan gwiwa. Wani maɗinki da ke gefena ya gani, ya taɓa na kusa da shi, kafin a jima rabin zauren na kallona. Malam ya aje littafi ya tambayi abin da ke faruwa. Na yi masa bayani tun daga miyar yakuwa. Tun da an riga an gani, sai na yi tambayar da ke cina: shin wannan na taɓa azumi ko alwala?

Malam ya shafa gemu. Ya ce in matso, ya duba kuncin da kyau. Ya ce, "In zufa ce, zufa ba ta karya komi. In ma miyau ne, ai fita ya yi, ba shiga ba. Azuminka na nan." Ya ɗauki littafinsa, sannan ya ƙara da cewa, "Sai dai kai kaɗai ne a zauren nan ba ka iya cewa hankalinka na wajen karatu."

Maɗinkin ya ce, "Allah gafarta malam, da kowa na da irin kuncin nan da tabarmar ta jiƙe."

Tun daga ranar in an dafa abu a gidan biki sai a ce a kira wanzam ya zo ya tsaya kusa da tukunya, a ga ko miyar ta yi.

Bayan shekara ɗaya da rabi aka aiko daga asibitin Maraɗi cewa lokotoron da ya yi mini aiki ya zo rangadi, yana son ganin waɗanda ya yanka. Na hau jaki da sassafe. A lokacin idon na rufuwa saura ɗan siririn layi, bakin ma ya miƙe in ban yi dariya ba. Sai dai wani sabon abu ya samu: in na yi murmushi idon dama kan tsuke da kansa, in na ƙifta kusurwar baki ta motsa. Wata mai nono ta taɓa zagina a kasuwa a kan haka, tana tsammanin kashe mata ido nake yi.

Lokotoro ya gane ni, ya yi alamar aski a kansa da yatsa. Ya latsa ramin, ya bi wuyana gefe da gefe a hankali, ya leƙa cikin baki. Majo, wato babban ma'aikacin asibitin, wani Bagobiri mai furfura, shi ya yi tafinta. Ya ce ba a ga alamar ciwon ya dawo ba, amma in riƙa zuwa duk shekara, kuma in na ji wani ƙullutu ko da ƙanƙane ne kada in jira kaka. Na yi hamdala. Sannan na ba lokotoro labarin kuncin.

Mutumin ya miƙe tsaye kamar an ba shi kyauta. Ya yi magana da sauri, ma'aikata suka watse neman kaya. Ya shafa mini maganin nan ja-ja mai raɗaɗi da suke sa wa miki, tun daga kunne har haɓa, ya bari ya bushe. Ya barbaɗa wani farin gari mai laushi, majo ya ce irin wanda ake tacewa daga rogo ne, har kuncin ya yi fari fat. Ya kira duk ma'aikatan suka kewaye ni. Wannan karon shi da kansa ya miƙo mini madubi, sannan ya ba ni ɓarin lemun tsami ya ce in tsotsa.

Na tsotsa ina kallo. Da farko ba komi. Can sai ga ɗigo baƙi-baƙi mai shuɗi ya ɓullo a cikin farin, ƙanana kamar bakin allura, ɗaya nan ɗaya can. Suka yi ta yawa suna haɗewa, har suka zama fili guda mai kamar ganyen kalgo, gefensa a fili kamar an zana. Wajen filin garin na nan fari. Wata ma'aikaciya ta yi salati. Ni kuwa na manta da tsamin, sai da majo ya karɓe lemun daga hannuna.

Lokotoro ya zana wani abu a takarda, majo na fassarawa. Ya ce wurin da aka cire ɗaya ne daga cikin wuraren da ke yin miyau. Akwai ƙananan jijiyoyi masu kai masa saƙo in abinci ya zo. Da aka cire shi sai suka rage a yanke, suka yi ta toho suna neman inda suka saba zuwa. Ba su same shi ba, suka tarar da masu yin zufa a cikin fata suka manne musu. Yanzu in sun ce a kawo miyau, zufa ke amsawa. Ido da bakin ma haka ne, jijiyar ta tsiro amma wasu rassanta sun yi musayar hanya.

Na ce, "To wata rana za su gane ba nan ne gidansu ba?"

Majo ya fassara, lokotoro ya girgiza kai. Ya ce sun zauna ke nan, maganinsa ƙyalle a aljihu. Na tambayi ƙasan kunnena da har lokacin bai farfaɗo ba, ya ce waccan jijiyar dole ta sa aka yanke ta gaba ɗaya, kada in sa rai. Sai na yi masa tambayar ƙarshe. Na ce wurin nan da ba ya jin tsinke ba ya jin aska, wani lokaci yakan yi mini ƙaiƙayi, in sosa in sosa susar ba ta isa wurin. Yaya abin da ya mutu ke ƙaiƙayi? Ya saurari majo har ƙarshe, ya buɗe hannuwa biyu ya ɗaga kafaɗa. Majo ya ce, "Ya ce shi ma bai sani ba." Na ji daɗin wannan amsa fiye da yadda na zata.

Suka kawo ruwa in wanke, na ce a bari. Haka na ratsa kasuwar Maraɗi a kan jaki, rabin fuska fari da baƙin ganye a tsakiya, mutane na buɗe mini hanya. Ina so matata ta gani da idonta, don ita ta fara ganin ruwan. Kafin in iso Madarumfa zufar hanya ta ɓata zanen, ya zama dabbare-dabbare, sai da baki na ba ta labari. Ba ta gamsu ba. Washegari ta jiƙa rogo ta tace ta shanya, bayan kwana biyu ta zaunar da ni ta barbaɗa mini garin ta ba ni tsamiya. Ruwa ya fito, garin ya zama kunu ya gangaro cikin gemuna, ko ɗigon baƙi babu. Na ce mata ai sai da jan maganin. Ta ce to baɗi in za ni in tafi da ita, ta kuma ce kada in motsa, ta je ta ɗebo ruwan wanke gemun.